Mutum na biyu da fayil ɗin Baba ke jira

Shekara shida ke nan da muka kai Baba makwancinsa a nan Jidda, kuma har yau takardar asibitin soja tana cewa da ɗingishinsa ya shiga aiki. Ni ba marubuci ba ne. A aji biyu na sakandare na tsaya. Na yi wankin mota, na yi dako a Balad, tsohuwar kasuwar garin, na yi kwana tara kacal a wani gidan abinci, yanzu kuma ina kai wa mutane saƙo a mota. Na faɗa ne don kada wani ya ga rubutun ya karkace ya yi mamaki.

Baba, ko Kofur Garba kamar yadda tsofaffin abokansa suka san shi, ya yi soja a Najeriya tun ba a san za a haife ni ba. Wata rana da damina motar da ta kwaso su ta zame a bakin wata gada. Ya faɗo daga baya, akwatin harsashi ya biyo shi ya sauka a cinyarsa. Asibitin bariki da nisa, kuma a lokacin duk sun yarda cewa wanda ya shiga can da irin wannan karaya, da ƙafa ɗaya zai fito. Sai mutum huɗu suka ciro ƙyauren wani shago, suka ɗora shi a kai, suka kai shi wajen mai ɗori a ƙauyen da ke kusa. Sajansu ya rufa masa asiri, ya rubuta cewa ya tafi hutun ganin gida. Mai ɗori ya ja, ya ɗaure da karare, ya tofa. Ƙashi ya haɗe, amma a gajarce.

Taimakonsa suka yi, kuma taimakon ne ya cuce shi. Da ya dawo yana ɗingishi aka tura shi gaban likita, likita ya buɗe fayil bai ga hatsari ba, bai ga kwanciya a asibiti ba, sai hutu. Ya rubuta cewa ciwo ne da mutumin ya shigo da shi daga gida. A kan wannan layi ɗaya aka sallame shi, ba tare da haƙƙin wanda ya nakasa a bakin aiki ba. Baba bai cika maganar haƙƙin ba. Layin ne ke cinsa. Yakan ce, "Su fa suka sa mu gudu kafin su ɗauke mu. Na huɗu na zo. Gurgu ne ya zo na huɗu?"

Daga baya ya zo Jidda, ya samu kafili, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ya zama mai gadin wani tsohon bene a unguwar Hindawiyya. Ya auri Umma, Bahaushiyar Sudan, aka haife mu. Bene hawa huɗu, ba lif, shi ke hawa da tukunyar gas a kafaɗa da wannan ƙafar. Ya rubuta wasiƙu gida har ya gaji, sannan aka ba shi amsa guda mai ma'ana: ana iya gyara takardar, amma sai ya kawo rantsuwar mutum biyu da suka yi aiki tare da shi kuma suna wurin ranar.

To ina mai gadi a Jidda zai samo mutanen da ya rabu da su shekara da shekaru? Baba ya ce ba sai ya je ba, su za su zo. Duk Musulmin da ya yi soja, in Allah ya ba shi tsawon rai, wata rana zai zo hajji, kuma duk alhajin da ya gama zai sauko Balad sayen tsaraba. Shi ke nan, duk shekara bayan Babbar Salla sai ya nemi wanda zai riƙe masa bene, ya je ya zauna a benci ƙofar wani shagon akwatuna yana kallon mutane. Ba fuska yake kallo ba, tsayuwa yake kallo. Ya ce tsohon soja ko bargo yake tayawa, za ka gan shi ƙafafu a ware, hannu a baya. Da ya ga irin wannan sai ya taso ya yi sallama ya ce, "Alhaji, wace bataliya?" Wasu su yi dariya su zauna a sha shayi, wasu su ɗauka ɗan damfara ne. Ya haɗu da tsofaffin sojoji da yawa, babu nasa.

Sai a shekara ta tara. Lokacin ina da shekara goma sha tara, ba makaranta ba aiki, Umma ta ce in bi shi ko na rage mata surutu. Wani dogon tsoho yana jayayya da mai shago a kan zip ɗin akwati, Baba bai ma tambaye shi bataliya ba. Ya dai tsaya a bayansa ya ce, "Mamman Dogo, har yanzu ba ka koyi ciniki ba?"

Mutumin ya juyo ya daɗe yana kallonsa. "Garba? Ashe ba ka mutu ba?"

"Ina jira ka riga ni. Kai ne babba."

Muka kawo shi gida, Umma ta yi girki kamar ranar suna. Ni kuwa dama na sa an buga takardar rantsuwa a wani shagon rubuta takardu a unguwar Nuzla, tana ajiye tun bara, suna da sa hannu kawai take jira. A ciki an rubuta cewa mai shaida ya ga lokacin da Kofur Garba ya faɗo daga mota. Alhaji Mamman ya sa tabarau ya karanta sau biyu, ya ajiye biro.

Ya ce, "Garba, ni ban ga faɗuwarka ba. A motar gaba nake. Da na iso kana ƙasa."

Na ce, "Baba Alhaji, ai minti biyu ne tsakani."

Ya ce, "Ɗana, kwana nawa da saukowata daga Arfa? Ba zan koma gida da rantsuwa a kan abin da idona bai gani ba."

Wallahi raina ya ɓaci. Na fara cewa halas, wato shi ke nan, mutum ya jira shekara tara, ka ci abincinsa, sannan ka zo da wannan. Baba bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Habibu, je ka kawo farar takarda." Da na kawo ya miƙa wa abokinsa ya ce, "Rubuta abin da ka gani, Dogo."

Ya rubuta cewa da safiyar ranar ya ga Garba ya haye mota da ƙafa biyu lafiyayyu. Ya rubuta cewa ya same shi a ƙasa da akwati a gefensa, ya riƙe kusurwar ƙyaure ta hagun gaba, kuma shi ya danne masa kafaɗa lokacin da mai ɗori ke ja. Ya ɗago ya ce, "In sa ihun da ka yi? Har matan ƙauye sai da suka leƙo."

Baba ya ce, "Wannan ka bar shi."

"Ai shi na fi tunawa."

Aka kai takardar aka buga hatimi, aka aika. Bayan watanni amsa ta zo cewa an karɓa, saura mutum ɗaya. Baba ya ƙara zaman benci na shekara biyu. A ta uku bai kai Babbar Salla ba.

Yanzu in na bi ta Balad kai saƙo nakan rage gudu a wurin. Shagon akwatunan ya koma wurin shan gahawa, baƙi na ɗaukar hoto a jikin tsofaffin tagogi. Alhazai ma ba sa yawo a kasuwa kamar da, yawanci daga masauki sai bas, daga bas sai jirgi. Da Baba na nan ban san inda zai ajiye bencinsa ba. Komai ya koma waya, har iƙama, takardar izinin zama. Na shiga wani zauren tsofaffin sojoji a waya na ba da labarin, kafin la'asar wani ya kira ni ya ce yana da mutum, kai ko biyu nake so, da za su rantse sun ga komai. Na tambaye shi wace bataliya suka yi. Ya ce wadda nake so.

Ba zan yi ƙarya ba, na yi mako guda ina juya maganar. An ce mana in an gyara takardar akwai abin da zai iya fitowa ga Umma, ita kuma ƙarfinta ya fara raguwa. Kuma abin da za su rantse a kai gaskiya ne, ya faru, su ne dai ba su gani ba. Na gaya wa Umma. Ba ta ce in yi ba, ba ta ce in bari ba. Cewa ta yi, "Kana wurin ranar da ya ce ka kawo farar takarda." Na goge lambar.

A watan jiya ɗan Alhaji Mamman ya aiko cewa mahaifinsa ya rasu, Allah ya jiƙansa. Wato shaidar da ke cikin fayil ɗin yanzu ta mamaci ce, a kan mamaci.

In na auna abin da Baba ya bar mini, ba shi da yawa. Haƙurinsa ban gada ba, ni da ko wata shida ban taɓa cikawa a aiki ɗaya ba. Tsayuwarsa ban gada ba. Fayil ɗin na gada, da wannan taurin kai na ƙin cike shi da abin da ba a gani ba, wanda ban ma san ina da shi ba sai da aka gwada ni. Ban sani ba ko ofishin zai saurari maganar wanda ya riga ya rasu. Na tambaya, an ce in kawo mutum na biyu tukuna.

Mutum huɗu ne suka ɗauki ƙyauren. Alhaji Mamman ya tafi, ɗaya kuma Baba ya samu labarin rasuwarsa tun da daɗewa. Saura biyu, kuma da laƙabi kawai Baba ke kiransu: Sule Mai Usur da wani Ɗan Zuru. In ɗayanku na raye, ko ɗansa na karanta masa wannan, a bar saƙo wajen mai kula da wannan shafi. Ba na neman a ƙara ko kalma ɗaya. In kusurwar ƙyaure kawai ka riƙe, dattijo, ka rubuta cewa kusurwar ƙyaure ka riƙe.