A cire sunan Yaya Hamisu daga shafin masu sana'a

Shekara shida ke nan da muka raka Yaya Hamisu makwancinsa a Gaya, amma har gobe sunansa na can yana aiki a intanet, aikin da bai sani ba, da yana raye kuma ba zai taɓa yarda da shi ba. Na so a ce waiwayen bana addu'a ce zalla, kamar yadda ƙanwa ke yi wa yayanta. Zuciyata ta ƙi.

Malamin firamare ne. Shi da wasu abokansa suka buɗe wani shafi na kyauta inda ake jera masu sana'a na Gaya da Ajingi: masu haƙar rijiya, masu gyaran injin ban ruwa, masu duba dabbobi, masu sayar da iri da taki. Mutum ya turo sunansa da sana'arsa da lambar waya, 'yan sa kai su duba, in ya cancanta a saka shi. Tantancewar aka bar wa Yaya, saboda a cikinsu shi kaɗai ke iya kallon tsabar idon babba ya ce masa a'a. Duk wanda ya samu shiga, a ƙasan sunansa ana rubuta "Malam Hamisu ya tantance."

Yadda yake tantancewar ya sha ba mu dariya. Ba ya yarda da hoto, ba ya yarda da daɗin baki a waya, kullum maganarsa gani ya kori ji. In mai rijiya ya turo suna, sai ya hau babur ya tafi ƙauyen, ya wuce mai rijiyar, ya je wurin masu jan ruwa ya tambaye su ko tana ƙafewa da rani. Masu sayar da iri kuwa su suka fi shan wuya a hannunsa. Ranar kasuwar Ajingi zai aika a sayo masa ɗan irin gyaɗa ba tare da an ce nasa ba ne, ya zo ya shuka a gwangwanayen madara bayan ɗakin Inna, mahaifiyarmu, ya zauna jiran tsiro. Inna ta yi ta mita wai ya mai da mata gida gona, mu kuma muna kiransa sarkin noman gwangwani. Irin da bai fito ba, mai shi ba zai ga sunansa a shafi ba ko da limami ya kawo.

Wannan ya jawo masa baƙin jini, kuma ba zan ɓoye ba, yana da kafiya. Akwai wani kawunmu na Kademi da ya daina gaisawa da shi har Yaya ya rasu, don ya ƙi saka ɗansa mai sayar da maganin feshi. Ni kaina na ce masa ya sassauta, zumunci ya fi shafi. Ya ce da ni, "Ke Binta, manomi sau ɗaya yake shuka a shekara. In na yi wa kawu kara, wa zai yi wa manomin?"

Bayan rasuwarsa abokan aikin suka ci gaba. Ba zan ce mugaye ba ne, kunya ce ta yi musu yawa. Wane ɗan gidan mai unguwa ne, a saka. Wane surukin wane ne, ba daɗi a mayar da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sun shiga da yawa. Yau in ka turo suna da hantsi, kafin la'asar ka fito. Babu mai hawa babur, babu mai shuka komai. Abu ɗaya ne ba su taɓa ba, wato layin nan na ƙasa. Wai girmamawa ce ga mamaci.

Daminar da ta wuce ina gidan Inna wani dattijo ya yi sallama. Daga Toranke yake, ƙurar hanya har gwiwa, da ɗan ƙulli a hannu. Ya kwance, sai ga gyaɗa ta ruɓe, wadda ya tono daga gonarsa bayan maƙwabta sun yi noman farko shi ko tsiro bai gani ba. Mai irin ne da kansa ya nuna masa waya a kasuwa, ya karanta masa cewa Malam Hamisu ya tantance.

"Hajiya, ba rigima na zo ba," ya ce da Inna. "Na san Malam a kasuwa shekarun baya, na san ba ya ƙarya. So nake ya fito ya gaya mini da bakinsa yadda aka yi."

Inna ta juyo ta dube ni. Ni na gaya masa Yaya ya rasu tun shekarun baya. Dattijon nan ya cire hula, ya yi ta salati, ya yi mana ta'aziyya, har yana ba mu haƙuri, shi da aka cuta. Ya ɗaure ƙullinsa ya tafi. Ranar Inna ba ta ci tuwo ba.

Na samu shugaban 'yan sa kan, wanda Yaya ya koyar a aji, na roƙe shi su goge layin. Ya ce, "Haba Anti, ai sadaka ce mai gudana. In muka cire sunan Malam wa zai ƙara yarda da shafin?" Bai ma ji abin da ya faɗa ba. Ya san sarai da me suke cin kasuwa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Wayoyi sun yi yawa, ko a ruga ana duba shafin, abin da ya yi ta fata ke nan. Ina jin da zai yi murna na ɗan lokaci, sannan ya zauna ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya yana sharewa, ya ƙara yawan waɗanda ba sa gaishe shi.

Bai bar gida ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari shi ne a kira sunansa a kasuwa, dattijo ya saki jiki ya zuba irin shekararsa a ƙasa. Gadonmu ke nan, kuma ana ta ɗiba ana rabawa waɗanda da ya kora. Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa, can ba ma jin tsoro a kansa. Ku da kuke riƙe da shafin nake roƙo, a gaban kowa tunda a ɓoye kun ƙi ji. Ku cire sunansa ku sa naku, don duk wanda gonarsa ta ƙi tsira ya san ƙofar da zai yi wa sallama, ya bar tsohuwar da ta riga ta binne ɗanta.