Macen Kifin da Ta Rufe Bakinta

Da za a tura maigidana aikin kiyaye zaman lafiya a ƙasar waje, ya kwaso ni daga bariki ya kawo ni Zuru wajen mahaifiyarsa. Cikin kayanmu har da akwatin gilashinsa na kifi. Kifayen ƙanana ne, tsawon yatsa, rawaya kamar gwaiduwar ƙwai. Ya ce sunansu sikilid, dangin karfasa ne, amma na kallo ne ba na miya ba. Da yawa muka taso da su, zafin mota ya kashe sauran, aka bar mu da biyu, namiji da mace.

Ya nuna mini yadda ake ba su abinci kaɗan-kaɗan, da yadda ake rage ruwan a ƙara sabo wanda ya kwana, da ɗan injin da ke hura musu iska. A tasha yana dariya ya ce, "Ki riƙe mini su. In na dawo ina so in tarar sun yi iyali."

Shi wasa yake yi. Ni kuwa ban iya ɗaukar magana da wasa ba. Ni ce mai juyowa daga hanyar coci don in sake taɓa kwaɗon ƙofa. Tun daga ranar na sa a raina cewa abu ɗaya ya bar mini, kuma in ya dawo ya tarar da gilashin nan babu komai, ban san da wane ido zan dube shi ba. Akwai kuma wani tunani da ban taɓa faɗa wa kowa ba a lokacin, cewa muddin suna raye shi ma yana raye. Na san ba daidai ba ne. Na yi addu'a a kai, bai tafi ba.

Bazarar shekarar ta yi tsanani. Rijiyar gidan ta ja baya, guga sai ya fito da laka. Wuta kuma in an kawo da safe, kafin a gama shara an ɗauke. Da injin ya yi shiru sai kifayen su taso sama suna buɗe baki. In ɗauki kofi in riƙa ɗiban ruwan ina zubo shi daga sama don iska ta shiga, har hannuna ya mutu, in koma ɗayan. Na jiƙa buhu na naɗe gilashin kamar yadda ake yi wa tulu. Mama, uwar mijina, ta sa mini suna uwar kifi. Takan ce a Manga inda ta girma ba ta taɓa ganin an yi wa kifi fifita ba, mutane na neman na sha ana wanke wa kifi ɗaki. Gaskiya ta faɗa, shi ya sa abin ya ci ni. Duk kofin da na zuba musu sai in ji kamar daga randarta na sata. Na rage ruwan wankana, wanda na kwashe daga gilashin kuma in zuba wa barkononta.

Ana cikin haka macen ta daina cin abinci.

Ta koma bayan dutse ta laɓe. Ƙasan bakinta ya kumbura, tana ta motsa shi kamar tsohuwa mai taunar goro. In na zuba abinci sai ta matso, ta dube shi, ta juya. Na murƙushe shi ya zama gari, ta ƙi. Na gwada dafaffen ƙwai, na tono mata gara, ta ƙi. Namijin yana cinye komai, yana kuma korar ta. Mako ya wuce, cikinta ya fara shigewa.

Na je kasuwa wajen mai sayar da bandar kifi, ya ce shi sai sun sha hayaƙi yake sanin su. Mai maganin kaji ya ce bai san na kifi ba, in gwada gishiri. Na ji tsoron gishirin, na kuma ji tsoron ƙin sa shi. Na je wajen mai waya a ƙarƙashin laima, ya yi ta gwada lambar da maigidana ya bari, ba ta shiga. Na dawo ina lissafin laifina a hanya. Ko ruwan bai kwana sosai ba? Ko akwai sauran sabulu a hannuna ranar da na gyara dutsen?

Mama ta leƙa ta ce hangum ne, ta san shi a wuyan yara. Daga baya ta daina zolaya. Ta ce kaza in ta kwanta ciwo ba a jira ta mutu, kuma in na bar wannan ta mace a ciki cikin zafin nan, ruwan zai ɓaci ya tafi da namijin, in rasa duka biyun. Ta ce in fitar da ita kawai. Ni ma ban ga inda ta yi kuskure ba.

Sai na tuna ina yawan ganin su suna ɗaukar tsakuwa da baki suna haƙa rami. Na ce shi ke nan, tsakuwa ce ta maƙale mata. Ranar Lahadi da muka taso daga coci, ko ɗankwali ban cire ba, na ɗebi ruwan gilashin a roba, na kamo ta. Na riƙe ta cikin ruwa da jiƙaƙƙen hannu, ina jin tana rawa. Na sa tsinken tsintsiya a hankali na buɗe bakin.

Ba tsakuwa ba ce. Wasu ƙananan abubuwa ne suka zubo, suka yi ta zubowa. Na sunkuya na duba. Kowanne da idanu biyu, da ɗan wutsiya kamar zare, da ƙullin rawaya a ciki. 'Ya'yanta ne. A baki take renon su, shi ya sa ba ta ci. Ba su iya iyo ba tukuna, suka kwanta a gindin robar a karkace suna karkaɗa wutsiya.

Na sake ta, ta tsere gefe guda, ko kallonsu ba ta yi ba. Babu wuta. Na ɗauko cokali ina motsa ruwan don kada su shaƙe, sai na ga ina buga su da juna. Na daina, sai na ga wasu sun yi shiru. Na gwada ɗaukar ɗaya a cokali in kai mata baki, ta ƙara gudu. Ina kiran sunan Ubangiji, ina kuka, hawaye na ɗiga cikin robar, ina kuma tsoron gishirin hawayen.

Mama ta shigo ta tsaya a kaina. Ta yi wata magana da yarensu na Dakarci wadda ban kama ba. Ta karɓe cokalin, ta ɗauko faifai ta rufe robar, ta tura ta inuwar randa inda ƙasa ke da sanyi.

"Mama, za su mutu."

"Wataƙila. Amma da idonki a kanta ba za ta ɗauka ba. Fito, uwar kifi."

Ta ja ni tsakar gida ta ɗora mini tiren gyaɗa in ɓare. Duk sanda na yunƙura sai ta danne mini zane da ƙafa. Ban taɓa yin aiki mai wuya kamar zaman nan ba. Na ɓare gyaɗa ina zuba ɓawon cikin 'ya'yan gyaɗar.

Da la'asar ta ɗaga ƙafarta. Na buɗe faifan kaɗan. Wasu na kwance a ƙasa sun yi fari, sun tafi. Sauran babu su. Ƙasan bakin uwar ya sake kumbura, tana taunar goronta.

Ban mayar da ita wajen namijin ba. Ta zauna a robar nan, ina zuba ruwa daga gefe, ba na ba ta abinci, ba na taɓa ta, ina kallonta tana ramewa. Kullum sai na ce yau za ta mutu da su a baki. Ruwan da nake ƙarawa daga randar Mama ne, ba ta ce in ɗiba ba, ba ta kuma hana ba. Wata safiya kusa da faɗuwar ruwan farko na buɗe faifan na ga ƙananan abubuwa suna yawo kewaye da ita. Da inuwata ta faɗa kansu sai suka ruga bakinta. Na zuba garin abinci, na ja da baya. Can ta fito da su, ta ci.

Kaɗan ne suka girma, ba su cika tafin hannu ba. Maigidana ya dawo bayan girbin dawa, ya rame, ya yi baƙi. Ya durƙusa gaban gilashin ya daɗe. Na ba shi labarin tun daga farko, har tsinken. Ya dafe kai ya ce, "Ashe ban faɗa miki a baki suke riƙewa ba?"

Na tashi na shiga ɗaki. Ina jin Mama tana yi masa faɗa da Dakarci, shi kuma yana ba ta haƙuri.