Inuwar Hannun Orval

Orval Haskett bai taɓa furta kalma ɗaya a fim ba. Aikinsa tsayuwa ne. Tsayinsa da faɗin kafaɗarsa ɗaya da na wani jarumin finafinan kisan kai a Los Angeles, saboda haka shi ake tsayarwa ƙarƙashin fitilu ana daidaita haske, jarumin yana ɗakinsa yana hutawa. In kuma inuwar makashi kaɗai ake so a bango, ta Orval ce. Sharaɗin aikin ɗaya ne: kada ka motsa.

Bayan ya dawo daga yaƙi hannunsa na dama ya fara rawa. Ya bar shan kofi, ya bar giya, a banza. Sai ya koma cusa shi a aljihun kwat. A gida kuwa zama ya gagare shi, daga taga sai ƙofa.

"Orval, za ka cinye mini daɓe," in ji matarsa Lenore. "Ka gaya musu a wurin aiki mana."

"Su ba ni me? Kujera?"

Wata safiya darakta, Mista Brandvold, ya ce yana son inuwar hannu riƙe da bindiga a bangon matakala. Aka miƙa wa Orval bindigar. Yau babu zancen aljihu. Fitilar tana ƙasa dab da shi, ta mai da inuwar hannun girman ƙofa, ta mai da rawar ma haka.

"Kai Haskett, sanyi kake ji, ko matarka ka hango?" Dutch mai fitila ya ƙwala daga sama. Aka kwashe da dariya.

Orval ya riƙe numfashi, ya damƙe bindigar. Rawar ta ƙaru.

"Ku yi mini shiru!" in ji Brandvold. "Haka nake so. Mutumin nan na cikin fim bai taɓa kisa ba, tsoro yake ji. A ɗauka!"

Aka ɗauka.

"Yauwa. To, yanzu ya yanke shawara, zai harba. Tsayar da hannun."

Hannun bai tsaya ba.

"Haskett, na ce tsayar."

"Na ji, Mista Brandvold."

Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Aka kira wani ya ƙarasa, kuma shi aka ci gaba da kira.

Da fim ɗin ya fito, Lenore ta shiga silima ta kalla. Ta ce da inuwar ta fara rawa, mutane ƙamewa suka yi a kujerunsu. Shi bai shiga ba. Yana ƙofar silima yana kai da komo, hannu a aljihu.