Ranar da Na Wanke wa Kaisar Fuska

Ko tsufa ya kwashe mini komai, ba zan manta ranar da na wanke wa Kaisar fuska ba.

Kawuna, tsohon hedimasta a Kafanchan, yana da wata 'yar ƙwandala baƙa ƙirin, ba ta kai murfin kwalba ba. Wai azurfar Romawa ce, wani Fada Bature, limamin coci, ya ba shi. Gefe ɗaya kan Kaisar ne, sarkin Romawa, da rawanin ganye da hanci kamar bakin aku, ɗayan kuma wata mata zaune riƙe da reshe. Baƙo bai isa ya sha ruwa a gidan ba sai ya gan ta. Abokansa dattawan ikilisiya kuwa kullum tsiya suke masa, wai maɓallin kwat ne. Da abin ya ishe shi, ya gayyato malamin tarihi daga kwalejin Gidan Waya ya raba gardama a gabansu.

A gidanmu, in baƙo zai zo, har cokali sai ya yi ƙyalli. Na tarar da abar a faranti da dauɗar zamanin Bilatus. Ni ba na son ƙazanta. Na ɗauko toka da lemun tsami da soson ƙarfe, na dirje ta kamar gindin tukunya. Hanci ya tafi, ja ya fito.

Kawu na ɗaga ƙyallen da ke rufe ta a gaban baƙi ya ƙame.

"Wa ya taɓa mini Kaisar?"

"Ni ce, Kawu. Ba kai ka ce a gyara komai ba?"

Malamin ya daɗe yana jujjuya ta. "Baba, tagulla ce aka lulluɓe da azurfa. Jabu ce."

Dattawa suka kwashe da dariya. Ɗaya har da share hawaye: "Hedimasta, ashe duk shekarun nan tagulla kake wa sujada!"

"Amma fa tsohuwa ce ta gaske," in ji malamin. "Ɗan damfarar wancan zamanin ne ya ƙera ta. Da ba a dirje ta ba, ni ma sai in ce azurfa ce."

Kawu ya gyara zama. "Kun dai ji. Ko ɓarawon ma Baroma ne."

Washegari aka tura ni Kagoma ciran ciyawa a gonar citta, wata guda cur.

Tun daga ranar, in na ga dattijo rungume da abinsa baƙi ƙirin, ba na kusantarsa da soso. Wataƙila dauɗar ce kaɗai ke riƙe masa mutunci.