Tambayar Dooshima a Darasin Fata

Har gobe ba na mantawa da safiyar da sufeto ta shigo ajina. Lokacin ina koyar da Hausa a wata sakandaren 'yan mata ta kwana a nan Lafia. Ga waɗanda ba su sani ba, sufeto daga ma'aikatar ilimi take zuwa, ta zauna a bayan aji ta duba koyarwarka, kuma rahotonta yana da tasiri a ƙarin girma.

Darasin ranar a kan umartau ne, wato sigar da muke fata ko addu'a da ita. Na bayyana musu cewa in ka ce "Allah ya kiyaye" a gajarce, roƙo kake yi, in ka ja "ya" ɗin kuwa, an riga an kiyaye. A rubuce duk ɗaya ne, kunne ke rarrabewa.

Sai wata yarinya 'yar ƙabilar Tibi, Dooshima, ta ɗaga hannu. Iyayenta manoman doya ne a wajen Doma, Hausarta ta kasuwa ce.

Ta ce, "Malam, maciji ya sari mamana, yana asibiti. Maƙwabcinmu ya faɗa mini a waya, 'Allah ya ba ta lafiya.' To, ya warke ke nan?"

Ashe tun ranar da aka yi wayar take murna. Na so in kauce, amma ta kafe ni da ido. Na ce, "Yaya ya faɗe shi?" Ta maimaita, a gajarce.

Na ce, "Dooshima, addu'a ya yi mata."

Ta kifa kai a tebur tana kuka. Na ajiye alli, na ce kowa ta yi wa mahaifiyar fatan alheri. Wasu suka yi da Hausa, wasu da yaren Alago ko Eggon. Har aka kaɗa ƙararrawa ban koma kan allo ba.

Sufeton ta kira ni gefe ta ce, "Malam, ba ka kammala darasi ba, haka zan rubuta. Amma nemo wa yarinyar izini wurin shugabar makaranta, ni zan kai ta asibitin."

Mahaifiyar Dooshima ta tashi, sai dai har yau tana ɗingishi. Ƙarin girmana kuwa ya ɗan jinkirta.

Ku da kuke fara aikin nan, kafin ku rubuta misali a allo, ku dubi fuskokin yaran. Jimlar da kuke ɗauka misali ce kawai, wata da ita ta kwana.