Sadatu Mai Shinkafa Ta Miƙe

Sadatu 'yar Gulma ce, amma a Argungu ta yi aure, a can kuma aka san ta. Mijinta Labbo masunci ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda rabin rayuwarsa a cikin ruwa ta ƙare. Ita kuwa sana'arta shinkafa. Takan saro mai ɓawo daga manoman fadama, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta surfe, ran kasuwa ta aza a ka ta kai. Matan unguwa kan ce ko ba su ga mai daka ba, da sun ji saukar taɓarya sun san ita ce. Ta haifi shida, huɗu suka rayu, duk mata, duk kuma ta aurar da su kafin ciwon ya same ta.

Shekara biyar kafin mulkin kai, wata rana da hantsi, tana tsugune tana baza shinkafa a tabarma, sai ta ji hannunta na dama ya yi nauyi kamar ba nata ba. Ta buɗe baki za ta kira maƙwabciyarta, maganar ta ƙi fita daidai. A nan aka tarar da ita kwance a kan shinkafar, baki ya karkace. Aka yi rubutu, aka yi turare, wanzami ya yi ƙaho. Da Labbo ya ga ba sauƙi, ya sa ta a motar kaya ya kai ta asibitin Birnin Kebbi. Can aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, jini ne ya hau. Bayan mako uku aka sallame ta.

Baki ya daidaita sannu a hankali, magana ta dawo, sai dai da ɗan nauyi. Hannun ya lanƙwashe a ƙirji, yatsu a dunƙule. Ƙafar kuwa jan ta take yi, sai an riƙe ta. Abin da ya fi ci mata rai shi ne cin abinci da hagu. Limamin unguwa ya aiko mata cewa lalura ce, ba laifi, amma duk da haka takan juya wa mutane baya in za ta ci.

Ba a wulaƙanta ta ba. 'Ya'yanta suka raba kwana, wannan ta zo yau, waccan gobe. In ta miƙa hannu ga buta, an riga ta. In ta yunƙura za ta tashi, hannu biyu sun tallafe ta. Ta saba da zaman, har ta sami abin yi: maƙwabta na kawo mata shinkafa tana tsince tsakuwa da hannu ɗaya, tana jin labarin gari. Ba ta yawan ƙorafi. Amma shekara biyar a tabarma ta cinye mata cinyoyi, har lafiyayyar ƙafar ta fara rawa.

Daminar shekarar mulkin kai ruwan gulbin Rima ya cika ya shigo unguwarsu, ɗakinta ya rufta gefe ɗaya. Ƙanenta Illo ya zo daga Birnin Kebbi ya ce a ba shi ita ta zauna gidansa a Nasarawa har a gyara. Illo tsohon soja ne. Ya je yaƙin Bama, an harbe shi a cinya, ya yi wata huɗu kwance a asibitin soja a ƙasar Indiya. Da ya dawo ya sami aikin wanke rauni da ɗaure shi a asibiti.

Kwana uku yana kallon yayar tasa. Ya lura in tana ganin ba kowa kusa, takan kama dogarin ƙofa ta ja jikinta sama kaɗan, ƙafar dama ta dafa ƙasa. Sai ya ba ta labarin yadda aka yi da shi a Indiya: cinyarsa ta rame ta zama kamar sanda, aka ɗaura masa jakar yashi a idon sawu, aka ce ya riƙa ɗagawa, duk mako ana ƙara yashin, har naman ya dawo. Bai ɓoye mata ba cewa ciwonta daban ne da nasa. Ya tambayi likita, likita ya ce shekara biyar ta yi nisa, kada a sa rai da yatsun, amma in za a bi a hankali, a bar ta ta huta da zarar ta ji jiri, ba abin da zai cutar.

Sadatu ta saurara har ya gama.

"Ni ka goya ka a baya, Illo," in ji ta. "Yanzu kai za ka koya min tahiya?"

"Yaya, ƙahwag ga ba ta mutu ba. Aiki ne ba a ba ta."

Ta kau da kai. Matar Illo, Riskuwa, ita ta san yadda ta ɓullo wa abin. Washegari ta kifa babban turmi a gindin darbejiya, ta zaunar da Sadatu a kai, ta ce tabarma ta jiƙe. Ta ajiye kwanon fura a kan katanga, inda sai mutum ya miƙe zai kai gare shi, ta tsaya kusa tana wanke-wanke kamar ba ruwanta. Sadatu ta gane sarai. Ta yi mita, ta ce an ɗauko ta daga gidanta ana horon ta da yunwa. Daga bisani ta dafa kafaɗar Riskuwa ta miƙe, ta ɗauki kwanon, ta koma ta zauna da ƙarfi har turmin ya motsa. Su biyun suka fashe da dariya.

Daga nan aka fara. Tashi da zama a kan turmi, sau biyar da safe, sau biyar bayan la'asar. Bayan mako biyu ya zama goma. Riskuwa ta yanka tsohon zane ta ɗinka 'yar jaka, Illo ya zuba ludayi biyu na yashi, aka ɗaura a idon sawu. Sadatu na zaune ta miƙar da ƙafar, ta riƙe, ta sauke. Kowace Juma'a a ƙara ludayi ɗaya. In cinyar ta yi tsami a bar ta kwana guda. Hannun kuma aka rataya masa ƙaramar buta a wuyan hannu, da fari wofi, daga baya da ruwa kaɗan, tana ɗagowa zuwa ƙirji. Ranar da aka yi bikin mulkin kai, 'yan makaranta na wucewa da tutoci suna waƙa, mutanen gida duk sun fita kallo, ita tana tsakar gida da Riskuwa tana ƙirga tashi. Ta kai ashirin ran nan, ba tare da dafa kowa ba.

Wata na uku ta yi garaje. Ta ga tana iyawa, sai ta nufi randa ita kaɗai ba sanda. Ƙafar ta harɗe, ta faɗi ta fasa goshi. Labari ya kai Argungu. Labbo ya bar komarsa ta kamun kifi ya hau mota ya zo. Mutumin da ba ya ɗaga murya, ran nan ya faɗa wa Illo magana mai zafi, ya ce shekara biyar yana riƙe da ita ko ƙwarzane ba ta yi ba, ɗakin ma an gyara, ta shirya su tafi. Illo ya sunkuyar da kai.

Sadatu ta ce a kawo mata sandarta. Ta miƙe daga turmin, goshi a ɗaure, ta taka har inda mijinta yake tsaye, taku bakwai.

"Malam, ka yi haƙuri," ta ce. "Ni na ka da kaina, ba shi ba. Ka bar ni har girbin albasa."

Labbo ya dube ta tsaye a gabansa. Rabon da ya gan ta haka har ya manta tsawonta. Ya zauna a kan turmin, ya ɗauki jakar yashin yana jujjuyawa, ya tambayi Illo sau nawa ake yi, da yadda ake ɗaurawa. Ya kwana biyu ya koma shi kaɗai.

Da ta dawo Argungu tana tafiya da sanda, tana ɗan jan ƙafar amma ba mai riƙe ta. Tana tsayawa ta yi salla, sai wajen tasowa daga sujada takan dafa bango. Yatsun ba su buɗe ba, kamar yadda likita ya faɗa. Amma kafaɗa da gwiwar hannu sun yi ƙarfi, har Labbo ya sassaƙa mata ludayi mai kaurin mariƙi wanda ake cusawa cikin dunƙulen hannun, ta riƙa kai fura baki da dama. Daka dai ba ta sake yi ba. Ta koma turara shinkafa tana zaune gaban murhu, 'ya'yanta na surfe. Faɗan da ta fi yi da su shi ne su daina rige ta ɗaukar abu.

Ba ta bar jakar ba. Ta gane cewa in ta yi mako biyu ba ta ɗaga ba, ƙafar takan koma baya, don haka ta mai da abin kamar shara da wanke-wanke. Mutane suka fara turo mata masu irin ciwon. Wasu suka ɗan samu sauƙi, wasu ba su samu ba. Akwai wata tsohuwa, Uwa, a bayan kasuwa, wadda ta ce ita ba za ta ɗaga ko tsinke ba. Sadatu ba ta matsa mata ba, amma kullum Laraba takan taka har gidan, su sha hira, ta dawo.

Ta yi shekara goma sha ɗaya bayan haka. A shekararta ta ƙarshe jikarta ta haihu a ƙetaren gulbi, aka ce ta zauna za a kawo mata jaririyar. Ta ƙi. Ran suna ta sauka gangaren mashaya da sandarta, ta miƙa wa mai fito sandar, ta ɗaga ƙafar dama ta sa a jirgi, ta bi da ta hagu. Ta wuni can, ita ta riƙe jaririyar lokacin da aka zo aski, ta ci naman suna, ta dawo da yamma tana faɗan wai shinkafar da suka dafa ta yi tsakuwa.