Ƙofar MaNgubane

MaNgubane ba ta taɓa riƙe muƙami ba, amma a Mhlabeni, unguwar ɗakunan kwano da ke bayan garin Durban, babu wanda bai san muryarta ba. Tana da shekara sha tara ta kama aiki a masana'antar ɗinki, a makon nan ta shiga ƙungiyar ma'aikata. A yajin aiki na biyu aka kore ta. Ta yi wa jam'iyya yawo gida-gida har aka ci zaɓe, sannan ta ajiye katinta shiru ranar da ta ga wanda aka bai wa kwangilar famfo. Da ƙanjamau ta ɗauke 'yarta, ta bi masu neman magani kyauta, ta sha hayaƙin 'yan sanda har ƙirjinta ya lalace. Ƙungiyarta ta ƙarshe ita ce ta mazauna ɗakunan kwano, kuma a cikinta tsufa ya same ta.

Shekarar da hukuma ta ce za ta rushe unguwar ta ba mutane gidajen bulo, kansila Bhekani Shozi ya zo taro da jerin sunaye. MaNgubane ce ta koya wa Bhekani magana gaban jama'a tun yana matashi. Ta duba jerin, ta ga surukansa da ba su taɓa kwana a Mhlabeni ba.

"Takarda tana ƙarya, ɗana," in ji ta. "A zo a rubuta lamba a ƙofar kowa da jan fenti. Wanda ke da lamba a ƙofa, shi ke da gida."

"Gogo, ke ba kya gajiya ne?" in ji Bhekani, yana kiran ta kaka da harshensu.

"Sai ranar da ka daina ƙiba."

Wuri ya kaure da dariya, aka kuwa yi yadda ta ce. Kwana uku tana bin masu fenti lungu-lungu don kada a tsallake gwauruwa ko baƙo. A tata ƙofar aka rubuta 417.

Motar asibiti ba ta iya shiga lungunan Mhlabeni. In mutum ya kasa tafiya, ƙofa ake cirewa a kwantar da shi a kai, a kai shi bakin titi. Wata Laraba da hantsi naƙuda ta kama maƙwabciyarta Nokwanda, jini na zuba. Mata suka yi cirko-cirko, kowa na satar kallon lambar ƙofarta. MaNgubane ta ɗauko guduma ta ɓalle tata. Ta bi motar zuwa asibiti, aka jingine ƙofar a bakin titi. Da la'asar ta dawo, uwa da jaririya lafiya, ƙofa kuwa 'yan gwangwan sun wuce da ita.

Da ta je ofishin Bhekani, ya ba ta kujera, har da shayi. "Gogo, na san ɗakinki, na ci abinci a ciki. Amma ke kika kafa dokar nan. In na sa ki a jerin babu lamba, gobe mutum ɗari za su zo, kuma ke ce za ki fara ɗaga kwali a kaina."

Ta san gaskiya ya faɗa, ta miƙe ta fita.

Ta je ofishin ƙungiyarsu, aka ce shugabanni suna taro a Johannesburg, za a rubuta wasiƙa. A jam'iyya aka tambaye ta kati. A ƙungiyar ma'aikata ta tarar da 'yan mata da suka kira ta kwamared da ladabi, ba su san wace ce ba.

MaCele, abokiyar zamanta a taron matan coci na Alhamis, ta ja ta gefe. "'Yar'uwa, jan fenti dai? Surukina ya iya hannunsu sak. Huɗu, ɗaya, bakwai, an gama."

"Ni na sa aka goge lambar mutum shida da suka yi haka. Biyu masu goyo ne."

"To ai ke taki gaskiya ce."

"Su ma haka suka ce mini."

MaCele ta yi tsaki. "Allah dai ba zai tambaye ki fenti ba."

"Shi ba zai tambaya ba. Matan nan biyu za su tambaya."

Ranar tashi, manyan motoci suka kwashe masu lamba. Katafila ta zo kan ɗakin MaNgubane, mai buhu a maimakon ƙofa, ba ta ɗauki minti biyu ba. Nokwanda ce ta riƙo hannunta ta cusa ta a mota tare da katifarta da tukunya ɗaya.

Yanzu a kicin ɗin Nokwanda take kwana, tsakanin murhu da bango, tana tari. Watan jiya mutanen sabuwar unguwa suka zo su goma, suka ce wata huɗu ke nan babu ruwa a famfo, ta faɗa musu yadda za a yi.

"Ku je wajen kansila," in ji ta, ta juya fuska bango.